An Rufe Fuska, An Bar Hannu

Akwai ƙaryar da ake ƙirƙira daga babu, akwai kuma wadda ta fi ta muni. Ita ce mutum ya ɗauki gaskiyar wani ya sa mata almakashi, ya yanke kai ya ɗinka a gindi, sannan ya ce ai da bakinka ka faɗa. Kwaɗayin suna ke jawo irin wannan, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne. Laifin Darakta ke nan.

Shekara biyu Auta da Darakta suna son juna, shekara biyu Baba yana cewa a'a.

Auta ita ce ƙaramar 'yar Baba, ita kaɗai ta rage masa a gida tun rasuwar mahaifiyarta. A asibitin ido take aiki, ita ke ɗora wa mutane gilashin gwaji tana tambayarsu layin da suke iya karantawa. Shi kuwa Darakta abokai ne suka laƙaba masa sunan ya bi shi. Sana'arsa haɗa shirin bincike, wato fim ɗin da babu 'yan wasa a ciki, mutane ne na gaske ake zaunar da su gaban kyamara su ba da labari. Abu ɗaya ya sa a gaba: fitilun da tsofaffi ke rantsuwa sun sha gani suna shawagi a saman Bayan Waya.

Bayan Waya wani makeken fili ne a bayan gari, gwamnati ta kewaye shi da waya mai ƙaya, ko allo babu a ƙofarsa. Wasu sun ce jirgin halittun wata duniya ne ya taɓa faɗowa a wurin aka binne shi a ƙarƙashin ƙasa. Wasu sun ce halittun suna nan da ransu ana ciyar da su. Baba ya yi shekara talatin da ɗaya yana aiki a ciki, bai taɓa gaya wa ko matarsa abin da yake yi ba, don ya sa hannu a takarda ranar da ya shiga, ya sake sawa ranar da ya ajiye aiki. Abin da kawai ya fito da shi daga can shi ne hannunsa na hagu. Ƙuna ce ta manne masa yatsu biyu na ƙarshe, fatar ta yi dabbare-dabbare. Babu wanda bai san hannun nan ba a unguwa, daga mai kanti har mai gyaran rediyo, don da shi yake ɗaga wa kowa gaisuwa.

Dalilin Baba na ƙin Darakta bai taɓa canzawa ba. Cewa yake yi, "Mutumin da abincinsa tsoron jama'a ne, ranar da tsoro ya ƙare a gari, cikin gida zai nemo shi."

Gwaggo, yayar Baba da ke zaune a gidan da ke jikin nasu, ita nata dalilin daban ne. Ɗanta Mai Walda take so a ba. Kullum ta shigo sai ta yi wa Auta tallarsa, wai ko ba komai shi in ya haɗa ƙarfe biyu ba sa rabuwa, ba kamar wanda aikinsa yanke-yanke ba. Mai Walda kansa bai taɓa buɗe baki ya ce yana so ba. Sai dai duk abin da ya karye a gidan, kafin a kira shi ya riga ya gyara.

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Auta ta ɗauka in Baba ya zauna da Darakta na awa ɗaya zai ga abin da ta gani. Shi kuma Darakta ya daɗe yana roƙonta ta shawo masa kan tsohon, don a duk garin babu wani mai rai da ya daɗe a Bayan Waya kamarsa. Ta yi magiya, ta yi kuka, ta yi kwana biyu ba ta ci abinci ba. A ƙarshe Baba ya ce shi ma ya gaji da jin ƙaryar da ake yi a kan wurin, zai yi magana don ya kashe ta. Amma a rufe masa fuska, a sauya masa murya, kada kowa ya shigo ɗakin sai Auta, kuma abin da ya faɗa a sa shi yadda ya faɗa.

Darakta ya durƙusa har ƙasa ya ce ya ɗauki alkawari.

Da hantsi aka yi ɗaukar, a falon Baba, an saki labule. Tunda ba a yarda mai ɗaukar sauti ya shigo ba, Auta aka ba sandar makirfo ta riƙe. Ana shirin farawa rikodar ta nuna memorinta ya cika, sai Auta ta ciro na wayarta ta miƙa. Da aka gama Darakta ya kwafe a kwamfutarsa ya mayar mata da abinta cikin sauri, hankalinsa na wani wuri.

Abin da Baba ya faɗa a ranar ya ba Auta dariya har sandar na rawa a hannunta. Ashe aikinsa na shekara talatin da ɗaya hura balan-balan ne. Manyan balan-balan na auna iska, a cika su da gas, a ɗaura musu ƙaramin akwati da 'yar fitila, a saki ɗaya kafin gari ya waye, ɗaya bayan faɗuwar rana, a bi su da madubin hangen nesa ana rubuta inda iska ta kai su.

"Fitilun nan da kuke cewa," in ji Baba, "na gan su da idona, kullum. Da hannuna nake taɓa su, ai ni nake sakinsu."

Ƙunar kuwa wani abokin aiki ne ya kunna taba kusa da tukunyar gas. Da aka tambaye shi abin da ke can cikin gine-ginen, ya ce bai taɓa shiga ba, bai sani ba, an kuma sa su rantsuwa, shi ba zai faɗi abin da bai gani ba.

Darakta bai yi dariya ba. Auta ta ga ya matso da kyamara kusa da hannun Baba ya daɗe a kai, ba ta kawo komai a ranta ba. So hana ganin laifi.

Bayan mako shida fim ya fito.

A wurin aiki ta gan shi, lokacin hutun rana, a wayar wata abokiyar aikinta, mutum biyar sun haɗa kai a kan allo ɗaya. An nuna waya mai ƙaya da wani kiɗa mai sa gaban mutum faɗuwa. Sai ga mutum zaune a kujera, fuskarsa kamar an shafa mata toka, muryarsa kamar daga cikin rijiya. Muryar Darakta ta tambaya ko ya taɓa ganin jiragen halittun.

"Na gan su da idona, kullum."

Ko ya taɓa kusantar su?

"Da hannuna nake taɓa su."

Sai hannun ya cika allon gaba ɗaya, yatsu biyu a manne, fata dabbare-dabbare. Muryar Darakta ta yi ƙasa ta ce ga abin da taɓawar ta bar masa. Aka tambayi mutumin me ya sa ya yi shiru duk shekarun nan.

"An sa mu rantsuwa."

Babu balan-balan, babu taba, babu tukunyar gas. Abokiyar aikin ta ɗago kai a hankali ta ce, "Auta, wannan hannun ba irin na..." Ba ta ƙarasa ba. Auta ta ɗauki jakarta ta nufi gida.

Kafin ta iso gida layinsu ya cika. Matasa sun ɗaga wayoyi sama suna ɗaukar ƙofar gidan. Wata mata ta goyo yaro marar lafiya tana roƙon a bar tsohon ya shafa masa hannun. Wani mutum yana ta ɗaga murya wai a fito da shi ya faɗi mutum nawa aka sayar wa halittun. Mai Walda ne tsaye a bakin ƙofa da guduma a hannu, shi ya buɗa mata hanya ta shige. A yammacin nan ya ƙara wa ƙofar sakata biyu.

Ta kira Darakta sau goma sha ɗaya. Sai a na ƙarshe ya ɗauka, yana dariya, hayaniyar abokai a bayansa, yana gaya mata mutum dubu nawa suka kalla. Ya ce taron ƙofar gida kwana biyu zai yi ya watse.

Taron ya watse, amma ba don an gaji ba. A rana ta biyu wata baƙar mota marar lamba ta zo ta tsaya a kwanar layin, gilasanta a rufe. Babu wanda ya fito daga ciki. Masu ɗaga wayoyi suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, mai kanti ya rufe shago tun la'asar. Wayar Baba ta yi ƙara sau uku a yinin, in ya ɗauka sai ya ji numfashi kawai a kashe. Duk lokacin da Auta ta ɗaga gefen labule motar na nan. In ta ji an taɓa ƙofa sai ta ruga ta leƙa, ko da iska ce.

Ranar Talata da safe wani mutum mai tsaftataccen takalmi ya miƙo ambulan ta saman ƙofa. Layi uku ne a takardar. Ana son ganin Baba ranar Alhamis ƙarfe goma, a wani ofis da aka ba da lambar ƙofarsa kawai, ya zo da katin shaidarsa.

Baba ya karanta sau biyu, ya ninke, ya shiga ɗaki. Da Auta ta leƙa ta same shi yana haɗa kaya a ƙaramar jaka: maganin hawan jininsa, gilashin karatu, bargo, buroshi. Ta tambaye shi ina za shi da bargo. Bai dube ta ba ya ba ta labarin wani direba da suka yi aiki tare, wanda ya saki baki a wurin shan shayi a kan wata mota da ya ga ta shiga da dare. Irin wannan takardar aka kawo masa. Sai bayan shekara huɗu ya dawo, kuma har ya rasu ko gaisuwa da kai yake amsawa.

"Shi abin da ya gani ya faɗa," in ji Baba. "Ni kuwa an ce na taɓa abin da babu shi. Da me zan rantse musu?"

Da ya zage ta da ta fi jin sauƙi. Bai zage ta ba. Gwaggo ce ta ɗauke masa wannan aikin, ta tsaya a tsakar gida tana tafa hannu. Ta ce wanda bai ji bari ba zai ji hoho, ta ce an guje wa ɗan gida mai zuciya an jajibo ɗan iska mai kyamara, ta ce in ƙaninta bai dawo ba Auta ta san ita ta kai shi da hannunta. Auta ta shige ɗaki ta kifa kai a katifa. Magana zarar bunu ce, ta san ita ta zaro ta.

Washegari da safe, idanunta a kumbure, ta buɗe wayarta tana neman hoton mahaifiyarta. Cikin lalube ta ga wani abu mai dogayen lambobi da ba ta san da shi ba. Ta danna. Sai ta ji tarin Baba, ta ji muryarsa ta gaskiya tana cewa balan-balan, ta ji dariyarta ita kanta. Minti hamsin da biyu, ba a yanke ko numfashi ba. Darakta ya kwafa, ya manta bai goge ba.

Da mai hankali ce, da nan take ta ruga wurin Baba. Ita kuwa zama ta yi ta ƙura wa bango ido. Zuciyar da ta yi shekara biyu tana so ba ta mutuwa a kwana huɗu. So take Darakta ya ba da gaskiyar da hannunsa, don ta samu abin da za ta gaya wa Baba, ta ce kuskure ne ya yi kuma ya gyara. Ta ciro memorin ta ƙunshe a takarda, ta roƙi Mai Walda ya kai ta wani wuri a motar aikinsa. Da suka wuce baƙar motar ta sunkuyar da kai har goshinta na taɓa gwiwa.

Ɗakin aikin Darakta a saman wani shagon buga takardu yake. Kafin ta hau ta miƙa wa Mai Walda ƙunshin.

"Yaya, riƙe mini wannan. In na wuce rabin awa ka hawo."

Bai tambaye ta mene ne ba, ya sa a aljihun gaba ya maɓalle.

Ɗakin babu taga, an lulluɓe bangon da soso don kada ƙara ta shigo. Allon kwamfuta biyu ne ke ba da haske. Darakta ya taso da fara'a, ya mayar da ƙofa ya rufe, ya fara gaya mata cewa wata babbar tasha ta ƙasar waje ta aiko tana son fim ɗin. Ta bar shi ya gama, sannan ta gaya masa zancen takarda, da jaka, da bargo. Ta roƙe shi ya ba ta ainihin abin da aka ɗauka, wanda ba a taɓa ba, ta kai ofishin gobe.

Ya sosa ƙeya ya ce ya goge, wuri ya yi masa kaɗan.

"Dube ni ka sake faɗa."

Ya dube ta ya sake faɗa. Ita da aikinta duban idon mutane, ta ga ƙwayar idonsa ta kauce.

Hawaye suka zubo mata. "Alkawari ka yi masa a durƙushe. Ka rufe masa fuska, ka bar hannu. Wa ke duban fuskar Baba a unguwarmu? Hannun ake sani."

"Fuska ya ce," in ji Darakta. "Bai ce hannu ba."

"Ya ce balan-balan ne. Ina wurin, ni na riƙe sandar."

"Auta, ke ma kin yarda da wannan? Abin da aka koya musu su faɗa ke nan. Ni na cire abin da aka cusa masa a baki, na bar gaskiyar da ke ƙasa. Shekara bakwai ina bin labarin nan, ana yi mini dariya, ana cewa mahaukaci. Sai in fito in ce wa duniya balan-balan? Da wane ido Babanki zai dube ni in ban zama kowa ba? Don ke na yi."

"Kada ka ce don ni. Ka ce komai, amma kada ka ce don ni."

Ya jawo kujera ya zauna kusa da ita, ya sassauta murya irin yadda yake yi in zai lallashe ta. Ya ce zamani ya canza, ba a ɓatar da mutum yanzu, duniya na kallo. In ma sun riƙe shi, kwana uku ne ko mako. Kuma riƙewar ita ce za ta tabbatar wa kowa cewa fim ɗin gaskiya ne. Abin da yake so kawai ta gaya masa ta wace ƙofa za su shiga gobe, ya tsaya daga nesa a cikin mota ya ɗauka.

Auta ta ɗago kai. Bayan kafaɗarsa, a allo na biyu, ta ga hoton ƙofar gidansu, an rubuta manyan jajayen haruffa a kai: AN KAMA MAI SHAIDA. Ya riga ya shirya kashi na biyu tun kafin a kama kowa.

Ba baƙar mota ta fi ba ta tsoro a wannan lokacin ba. Mutumin da ta yi kwana biyu ba ta ci abinci ba saboda shi, shi ne zaune yana jiran a kulle ubanta don ya samu ƙarashen fim.

Ta miƙe. Ta ce, "Ba ka goge na memorina ba. Na saurara yau da safe, duka yana nan. Na zo ne in ba ka dama ka riga ni."

Fuskarsa ta sauya kamar an kashe fitila. Kafin ta kai ƙofa ya riga ta, ya jingina bayansa da ita. Ya ce ta ba shi wayar su yi magana ta hankali. Ta ce ya matsa. Ya fizge jakarta ya zazzage a kan tebur, ya ɗauki wayar, ya zaro wurin memorin. Wayam. Ya dube ta, ita ma ta dube shi, ta tuna cewa ko ihu ta yi soson bangon nan zai shanye shi.

"Ina yake?"

Ya yi taku ɗaya zuwa gare ta. Sai aka buga ƙofar sau uku, bugun mutumin da ya saba da ƙarfe.

"Auta," in ji Mai Walda daga waje, "rabin awa ta cika."

Darakta ya matsa. Ta tattara kayanta ta fita, yana bin ta da magana har matakala, yana kuka, yana cewa in ta kai abin nan ta kashe shi, ta kashe aurensu. Ba ta waiwaya ba. A mota ta yi kukan da ba ta taɓa yin irinsa ba, Mai Walda ya tuƙa kawai, ya miƙa mata tsumman da ya fi tsabta a motar.

Ranar Alhamis Baba ya ƙi barin jakar a gida. Ofishin dogon baranda ne mai benci ɗaya da ƙofofi marasa suna. Aka shigar da su gaban wani mai farin gilashi, wanda bai amsa gaisuwa ba sai da ya gama rubutu. Auta ta ajiye memorin a kan teburinsa da hannu biyu. Ya sa abin ji a kunne ya saurara tun daga farko har ƙarshe, minti hamsin da biyu, fuskarsa ba ta motsa ba. Auta tana jin bugun agogon bango a cikin haƙoranta.

Da ya cire abin jin ya ce takardar da Baba ya sa wa hannu ba ta ce a faɗi gaskiya a bar ƙarya ba. Cewa ta yi kada a faɗi komai. Ya danna ƙararrawa, mutum biyu suka shigo suka wuce da Baba ta wata ƙofa, da jakarsa. Aka ce ita ta jira a waje.

Awa biyar ta yi a kan bencin nan. Duk ƙofar da aka buɗe sai ta zabura. Ta ƙirga tayil ɗin ƙasa, ta ɓata, ta sake. Ta tuna lokacin shan maganinsa ya wuce. Ta tuna direban da ya dawo ba ya magana, ta cusa gefen mayafinta a baki don kada a ji ta.

Wajen ƙarfe huɗu ƙofar ta buɗe. Baba ya fito da ƙafafunsa, jaka a hannu, tawada a babban yatsansa. An sa shi ya sake sa hannu, an gargaɗe shi cewa in ya ƙara ba za a yafe ba. Mai farin gilashi ya rako su har baranda, a nan ne kawai bakinsa ya ɗan motsa. Ya ce shekara da shekaru suna faɗa wa mutane balan-balan ne babu mai yarda, bari su saki muryar tsohon yadda take ko za a ji. Sannan ya nuna taga da haɓa ya tambayi Auta ko ta san wancan.

A tsallaken titi, daga cikin wata ƙaramar mota, ma'aikata biyu suna fito da Darakta, kyamara na rataye a wuyansa. Tun safe yake laɓe yana ɗaukar ƙofar ofishin da doka ta hana a ɗauka, yana jiran a kama wani. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Suka koma gida. Baƙar motar ta bar kwanar layi. Gwaggo ta tare su da kuka, ba ta gama share hawaye ba ta fara cewa to yanzu sai a tsayar da maganar ɗanta. Baba ya ce ta bar yarinya ta huta, ƙarfen da ya fito daga wuta ba a kama shi da hannu. Mai Walda yana tsugune yana cire sakatar da ya ƙara, bai ɗago ba.

Auta ta durƙusa a gaban Baba ta riƙe ƙafarsa tana ba shi haƙuri. Ya ɗora mata hannun dama a ka. Na hagun yana cikin aljihu, kuma tun daga ranar can yake zama in zai fita, bai ƙara ɗaga wa kowa gaisuwa da shi ba. Wannan tabon ita za ta riƙa gani kullum, ta san kuma da sa hannunta a ciki.

Shi kuwa Darakta ga abin da almakashinsa ya yanko masa. Ya kwana goma sha biyu a tsare, a ɗakin da ya yi wa surukin da bai samu ba fata. Kyamararsa da kwamfutocinsa biyu ba su dawo ba, da aikin shekara bakwai a cikinsu. Ranar da aka saki muryar Baba cikakkiya aka sauke fim ɗin, tashar ƙasar waje ba ta ƙara amsa masa saƙo ba. Sunan da ya sayar da amana don ya samu ya tafi, abokan da suka laƙaba masa Darakta su ne suka koma kiransa Balan-balan, har masu shagon ƙasa suka ɗauka. Babu tsoho ɗaya a garin da zai ƙara zama gaban kyamararsa ko da an mayar masa da ita. Sai asara ta ƙarshe, wadda ta fi sauran nauyi: mace ɗaya ce ta taɓa hawa matakalarsa da gaskiya a hannunta, tana kuka tana roƙon ya riga ta faɗa don ta ci gaba da sonsa. Ya aika mata saƙo arba'in da ɗaya bayan ya fito. Ba ta buɗe ko ɗaya ba.